Ranar da Ofis Ya Tare a Aljihunka

Haɗa imel ɗin aiki da kalandar ofis a wayar hannu ba ya cin minti biyar. Ka buɗe Outlook ko Gmail, ka zuba adireshin da ofis ya ba ka, ka sa kalmar sirri, ka shigar da lambar da aka turo don a tabbatar kai ne, shi ke nan. Daga wannan lokaci ofis ya tare a aljihunka da kayansa duka, kamar amaryar da aka kawo ba maganar komawa. Zai bi ka wurin suna, ya bi ka kasuwa, ya kwana a gefen filonka. Ya kamata mutum ya san halin wanda zai zauna da shi.

Da farko, saƙonnin nan ba a wayarka suke zaune ba. Suna can a babbar kwamfutar ofis, ko ta Microsoft ko ta Google da ofis ke haya, waya kuwa leƙe kawai take yi. Tsohon tsarin POP kan kwaso wasiƙa ya kawo wa na'ura ɗaya, sau da yawa ya share ta a can. IMAP da Exchange suna barin komai wuri guda. Abin da ka karanta a waya, kwamfutar teburinka ta san ka karanta. Abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina. Wanda ya miƙa wa ɗan auta waya don ya yi shiru a mota ya miƙa masa wasiƙun sashensa ke nan, kuma yaro ɗan shekara uku bai san bambancin wasan mota da takardar kasafin kuɗi ba, duk da yatsa ɗaya yake bi ta kansu. Gmail yana riƙe abin da aka goge a kwandon shara kwana 30. A duba can kafin a fara salati.

Kamfanin Kanada mai BlackBerry ne ya yaɗa wannan ɗabi'a tun daga 1999, inda saƙo ke zuwa da kansa ya same ka, ba sai ka je nema ba. A 2008 iPhone ta karɓi Exchange ActiveSync na Microsoft, wanda ke ɗauko wasiƙa da kalanda da lambobin mutane a tafiya ɗaya. IMAP shi wasiƙa kaɗai yake ɗauka. Duk wanda imel ke shigo masa amma taro ba ya fitowa a kalanda, yawanci ta wannan ƙofar ya shigo. Ya cire akawun ɗin, ya sake sa shi a matsayin Exchange ko Google.

Kalanda ita ce mai wuyar sha'ani. Gayyatar taro tana zuwa da maɓalli uku: na karɓa, wataƙila, ba zan zo ba. Babu maɓallin "to, Allah ya kai mu", wanda da shi muka saba sallamar mai gayya ba tare da an ɓata ba. Kowanne ka taɓa, amsa za ta koma wa wanda ya kira taron da sunanka a jiki. Ƙaramin ma'aikaci da ya danna "ba zan zo ba" a kan gayyatar darakta, da niyyar kawar da sanarwa daga fuskar waya, zai yi bayani a tsaye washegari, da "ranka ya daɗe" a farkon kowace jimla.

Sai a lura da wace kalanda ake rubutu a ciki. Waya ɗaya kan ɗauki biyu ko uku, taka ta gida da ta ofis, launi ne kawai ya raba su. A wasu ofisoshin abokan aiki suna ganin cewa ba ka da sarari ne kawai, a wasu kuwa har abin da ka rubuta suna karantawa. Mutum ya nemi izinin zuwa asibiti ranar Alhamis, ya kuma rubuta "kai lefe, ƙarfe huɗu" a kalandar ofis. Kafin azahar sashe duka ya yi masa murna, har da matar da ke adashe ɗaya da uwargidansa. Wannan ba laifin na'ura ba ne, abin da aka ba ta ta ajiye. A shiga saitin kalanda a zaɓi ta gida a matsayin wadda sabon rubutu ke faɗawa.

Haka taron mako-mako da aka saita ba ranar ƙarewa. Wanda ya kira shi zai yi ritaya, kwamitin ya watse, amma kowace Litinin ƙarfe tara saura kwata waya za ta yi ƙara a aljihun mutum goma sha biyu. Mai kiran taro ya sa masa iyaka tun farko, don Allah.

Batun agogo kuwa ba wasa ba ne. Najeriya da Nijar ba sa sauya lokaci, Ingila tana sauyawa. Daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watannin Landan tana baya da awa guda. Taron da abokin aiki a Landan ya sa ƙarfe tara zai koma ƙarfe goma a Kano da shigar Nuwamba, kuma kalanda ce ke da gaskiya. Akara tana bayan Kano da awa ɗaya, Makka tana gaba da biyu. Waya ta san duk wannan muddin an bar ta ta ɗauki lokaci da kanta. Mai ƙara wa agogonsa minti goma don kada ya makara ya sani cewa lambar tantancewar da ke sauyawa duk daƙiƙa 30 da agogo take aiki, za ta ƙi shi a ƙofa. Mai kunna tanadin batir da tanadin data shi ma ya hana waya leƙa ofis a bayan fage, sai tunin taron safe ya iso shi bayan la'asar. A cire manhajar imel daga cikin waɗanda ake takurawa.

Wurin da na fi so a tsaya shi ne shafin da kowa ke wucewa da sauri, inda waya ke cewa ofis yana neman ikon gudanarwa a kanta. Wannan izini na iya ba mai kula da kwamfutocin ofis damar tilasta maka kulle, ya kuma goge bayanai daga nesa. Dalilin mai kyau ne: in an fizge waya a cunkoso, asirin ofis ba zai tafi da ita ba. Sai dai a wasu tsare-tsaren wayar duka ake sharewa, har hotunan biki da muryar mahaifiya da aka ajiye. Ka tambayi mai kula da kwamfutocin kai tsaye, "Malam, in kun goge, naku kaɗai zai tafi ko har nawa?" Android tana da ɓangaren aiki daban, mai alamar 'yar jaka a kan manhajojinsa, wanda ake gogewa ba a taɓa sauran ba, ana kuma iya kashe shi da yamma. Ka nemi a sa maka shi. Lambar mai nama da ta mai gyaran janareto kuma kada su shiga akawun ɗin ofis, domin ranar da ka bar aiki su za su ci gaba da zama a can.

A 2011 Volkswagen a Jamus ya daina tura wa wani rukunin ma'aikatansa imel a waya rabin awa bayan tashi. Faransa tun 1 ga Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna ƙa'idar barin ma'aikaci ya huta bayan aiki. Ba sai an jira doka ba. Ranku ya daɗe shugabannin ofis, Gmail da Outlook duka suna da wurin tsara lokacin da saƙo zai tafi. In tunani ya zo muku ƙarfe sha ɗayan dare, ku rubuta, ku sa ya tashi takwas na safe.