Injin Busar da Kaya Mai Yajin Aiki

A Amurka, inda wasu unguwanni suka hana shanya a waje wai don kada a ɓata musu kyan layi, injin busar da tufafi ya san ba shi da kishiya. Shi ya sa yake yanga: ka kunna, ya juya kaɗan, ya yi tsit.

Kafin ka kira mai gyara, duba ƙofa. In makunnin jikinta ya saki, magana ta ƙare. Sai matatar da ke tare burbushin zare, da bututun fitar da iska. In suka toshe, zafi ya taru, injin ya ɗauke wuta da kansa don kada gobara ta tashi. Nan kam ya fi mai shi hankali. Fis ɗin zafi, mai ɗauke wutar, in ya ƙone sai canji, amma muddin ba a share bututun ba, sabon ma zai bi ɗan'uwansa. In kuwa sai kana danne da maɓallin kunnawa yake tafiya, galibi makunnin cikin ƙaramin injin da ke juya gangar tufafin ne ya gaji.

Amma zare filogi tukuna. Wuta mai ƙarfin volt 240 ba ta san maigida ba, balle ɗan haya.