Motar Gari

Duk wanda ya sayi mota a ƙauyukan Bebeji, gari ya saya wa. Naƙuda cikin dare, shi ne. Kai amarya Kiru, shi ne. Ɗauko buhun taki, kai niƙa, sayen kifi a Tiga: "Alhaji, ko za ka leƙa mana?" Shi kansa Alhajin ƙafarsa ta manta ƙasa, masallacin Juma'a da ke bayan gidansa ma sai an tayar da Golf.

Da aka cire tallafin mai a 2023, sai Alhaji ya kamu da ciwon baya. Ka roƙe shi ya kai ka Kwanar Dangora, ya ce likita ya hana shi tuƙi. Amma zuba masa lita biyar, ka ga waraka nan take, har Doguwa zai kai ka.