Jan Diragon da Dunƙulen Wuta: Bayanin Wani Yaƙi

Karawa da diragon ita ce ƙololuwar labarai da dama a Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne jagora, yana ba da labari kamar mai tatsuniya, kuma shi ke riƙe da duk dodannin da ke ciki. Sauran 'yan wasa kowa da gwarzonsa a rubuce a takarda. Idan gwarzo ya kai sara ko ya yi yunƙurin kauce wa hari, 'ya'yan lido ne ke yanke hukunci, kuma wanda aka fi jefawa shi ne mai fuska 20.

Diragon dodo ne mai jikin ƙadangare da fuka-fukan jemage, yana kwana a kan tarin zinariya. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, miyagun cikinsu launi biyar ne, kuma launin ne ke nuna abin da kowanne ke fesawa. Fari ƙanƙara yake fesawa, shuɗi tsawa, kore guba, baƙi ruwan asid, ja kuwa wuta. Baligin ja yana da makin rai 256. Idan ya hura wuta tana kai ƙafa 60, ana lissafa ɓarnarta da 'ya'yan lido 18 masu fuska shida. A shafinsa na littafin dodanni akwai wani gajeren layi da ke cewa wuta ba ta yi masa komai. Yara ma sukan gane wannan ba sai sun karanta ba.

Yaƙin da ake magana a kai an yi shi ne daren Asabar da ta wuce, a wani falo, bayan wata 14 ana bin labari guda. Gwaraza huɗu ne a mataki na 11: barde, mai warkarwa, ɓarawo, da matsafi. Wanda ke riƙe da matsafin shi ne mai wannan rubutu. An shimfiɗa takarda mai gida-gida a kan tebur, kowane gida ƙafa biyar, marufan kwalba suna wakiltar gwaraza. Diragon kuwa gwangwanin tumatir aka ajiye masa, babba, ja wur.

Zagaye huɗu na farko sun tafi yadda ake so. Barde ya shige gindin dodon yana sara, mai warkarwa na bayansa yana ɗinke shi, ɓarawo na laɓe bayan dutse yana sakin kibau. Da aka shiga zagaye na biyar barde yana da maki 40, mai warkarwa 22, jagora kuma ya sanar cewa fiffike ɗaya ya karye, dodon yana tangaɗi. Daga nan layi ya zo kan matsafi.

Matsafi a mataki na 11 yana da gurbin tsafi na shida guda ɗaya tak, kuma wannan matsafin ya yi mako uku yana ɓoyon nasa. Ya miƙe tsaye. Zagaye ɗaya a wasan daƙiƙa shida ne, amma jawabin da ya yi wa gwangwanin tumatir ya ci minti huɗu, har da tuna masa ƙauyukan da ya ƙona da marayun da ya bari. Ya rufe da nuna shi da yatsa, ya ce ya jefa masa dunƙulen wuta. Jagora ya tambaye shi ko ya tabbata. A al'adar wasan, wannan tambaya daidai take da jiniyar motar kashe gobara. Matsafi ya ce bai taɓa tabbata da wani abu a rayuwarsa kamar wannan ba.

Dunƙulen wuta a asalinsa 'ya'yan lido takwas yake ci, ana ƙara ɗaya a kan kowane gurbi sama da na uku, don haka nasa 11 ne. Biyar gare shi, sai ya bi tebur yana aron sauran daga mutanen da zai ƙona. Ya haɗa su a tafin hannu biyu, ya kaɗa, ya watsa. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera, matsafi ya durƙusa ya haska da fitilar waya, ya sanar cewa shida ne. Ya jera su bibbiyu yana ƙirgawa da ƙarfi har ya kai 51, adadin da ya wuce matsakaici nesa ba kusa ba. Ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya ɗauki kofin shayi.

Jagora ya dube shi, ya dubi gwangwanin, ya ce, "Malam, ja ne fa."

Shirun da ya biyo baya, waɗanda ke wurin sun saɓa a kan tsawonsa. Abin da suka haɗu a kai shi ne an ji ƙarar fanka, an kuma ji kofin yana karo da haƙorin matsafi. Ɓarawo ya ce ya ga lokacin da maganar ta isa ƙwaƙwalwarsa, domin ƙafar da ya harɗe ta sauko da kanta. Mai warkarwa ya ce shi ba fuskar ya kalla ba, ƙirga gidaje yake yi. Wutar tana bazuwa ƙafa 20 ta kowace kusurwa, wato gida huɗu, kuma marfinsa yana gida na biyu. Barde ya yi jifan kaucewa ya faɗi, ya sha 51 a kan 40, ya kwanta. Mai warkarwa ya yi nasa jifan ya ci, aka yi masa ragi zuwa rabi, 25 a kan 22, shi ma ya kwanta. Diragon ya sha sifili. A wata 14 babu dodon da ya taɓa kayar da mutum biyu na ƙungiyar a bugu ɗaya.

Sharhi mafi tsawo a kan lamarin ya fito ne daga kawun matsafin, wanda ya shigo neman cajar waya tun zagaye na biyu, ya ja kujera ya zauna bayan jagora. Kawu gwanin lido ne da dara, bai taɓa ganin wannan wasa ba, hakan kuma bai hana shi ba da shawara ba. Da farko ya ce, "Ɗana, ai wuta da ruwa ake kashe ta, ba wanda ya zo da bokiti?" Aka ce masa babu. Ya ce to a yi yadda Bayajidda ya yi da macijin rijiyar Kusugu: a je wa abin da dare, da wuƙar kirki, ba da surutu ba. Aka ce masa ai dare ne a labarin ma. Ya yi ɗan tunani ya ce to a ba shi haƙuri, domin faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Barde, daga kwance, ya ce, "Kawu, ai wasan ne." Kawu ya ce to shi ke nan, ba a yi asara ba.

Dokar wasan ta ce bayan diragon ya hura wuta, a farkon kowane layinsa jagora zai jefa ɗan lido ɗaya, idan biyar ko shida ya fito wutar ta dawo. Jagora ya jefa, shida ya fito. Kawu ya tafa, ya ce, "Shida! Fito da ɗanka, ka sake jefawa!" Aka tattara 'ya'yan lidon da matsafi ya jera, aka ƙara da na jakar jagora, suka tsaya 16. Kawu ya tashi da kansa ya shiga ɗaki, ya ciro biyu daga kwalin lidonsa ya cike 18. Matsafi yana da maki 57. Ya yi jifan kaucewa ya sami 4, wutar ta ba da 66.

Gwarzon da makinsa ya ƙare yana jifan neman rai a kowane layinsa da ɗan lido mai fuska 20, faɗuwa uku kuma ita ce mutuwa. Kawu ya ce wa matsafi ya hura wa ɗan lidon iska kafin ya jefa. Ya hura, 1 ya fito, wanda ake lissafawa faɗuwa biyu. Kawu ya ce bai hura da kyau ba. Ya sake hurawa da kyau, 7 ya fito. Ɓarawo dai tuni ya suri kofin zinariya ɗaya ya ranta a na kare.

Bayan an tashi jagora ya juyo da takardarsa, aka ga makin diragon 14 ne ya rage. A takardar matsafi, layi biyu sama da dunƙulen wuta, akwai kibiyar tsafi, wadda ba ta kuskure. A gurbi na shida kibau takwas take fitarwa, kowace aƙalla maki biyu, jimla 16. Kawu ya ce shi tun ɗazu ya ga 14 ɗin nan, ya ɗauka kwanan wata ne.

An sa ranar fara sabon labari Asabar mai zuwa. An ba mai wannan rubutu barde, an kuma karɓe masa tocila.