Bazazzagi Ya Shiga Rage Tumbi

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida.

Labari ya iso Kano cewa likita ya auna ka, ya ce sugan jininka na leƙen iyaka, hawan jini kuma ya fara sallama. Sai ka koma ofis ka yi shela wai daga yau ka daina karin kumallo. Kai, Zagezagi! Jami'a na bakin ƙofarku tun 1962, amma dabara ta ƙi shiga gari. Ai wanda ya bar gida da cikin wofi, ƙarfe sha ɗaya na bugawa sai yadda mai ƙosai ta yi da shi. Shi ya sa masinjanku ya fi sanin farashin fanke a kan lambar fayil.

An kuma tsegunta min abin da ke durowarka ta ƙasa, wadda kake kullewa kamar takardun gado ne a ciki: biskit, gullisuwa, da cincin ɗin sunan makon jiya a baƙar leda. Hannun dama na kan kwamfuta, na hagu yana safara, baki bai san hutu ba. In aka yi magana ka ce ai ɗan taɓa ka lashe ne. Taɓa ka lashen da ake farawa da hantsi a ƙare da la'asar?

Ga shayi cokali uku na suga, ga lemon kwalba bayan azahar wai don a kora. Rabin litar nan kan ɗauki suga wajen ƙaramin cokali goma, wani ma ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in da hali ma ya tsaya a 6. Kai kafin a tashi aiki ka cinye na yau, ka ci bashin na gobe. Gwamnati ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2022 don irinku su ja baya, kai kuwa ka zama mai biyan haraji abin koyi. Awarar da kake kurin cewa waken suya ce, lafiya ce, ka duba takardar da aka naɗo ta: har ana hango rubutun baya saboda mai. Shi kuwa mai, ƙarfin da yake tara wa jiki ya ninka na tuwo fiye da sau biyu, in nauyinsu ɗaya.

Na san inda ka fi faɗuwa: kunya. Hajiyar sashen kuɗi ta kawo robar shinkafar walima, ka ce ba a mayar da hannun kyauta baya. Wa ya ce ka mayar? Karɓi, ka sa albarka, ka miƙa wa maigadi ko ka kai wa yara. Sha kununka da ƙwai tun a gida, ka ajiye yalo da karas da gorar ruwa a tebur, gyaɗa kuma cikin tafin hannu ɗaya, ba mudu ba. Masallacin da ke bayan ofis ma ba sai da mota ba.

Kayan durowar kuwa, ɗaure su tsaf ka ba direban Kano. Bawa ba ya zubar da dukiyar ubangidansa.