Raƙumin Mashi da Garar Cikin Ido

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wani Raƙumi ne a Mashi, ya tsufa yana dakon gero da rake zuwa Mani da Daura. Ciwon sukari ya kama shi bai sani ba. Shi da yake kwana da kwanaki bai nemi ruwa ba, sai ga shi ba ya wuce rijiya. Ga fitsari dare da rana, ga rama.

To, can cikin ƙwayar idonsa akwai wani ɗan gari garau, ta cikinsa haske ke wucewa. An gina shi da tubalin da ake kira kiristalin, an fara jera shi tun Raƙumi yana cikin uwarsa, kuma wanda ya lalace ba a sake shi. Jijiyar jini ko ɗaya ba ta shiga garin, ruwan da ke kewaye da shi ne ke kawo abinci.

Maƙiyiyar garin ita ce Gara. Daga iskar oksijin take ƙyanƙyashewa, hasken rana kuma yana ƙara mata yawa. Amma akwai Tururuwa, zuriyar Gulutatiyon, masu gadi. Duk wadda ta kama Gara sai ta faɗi a gajiye, ba ta tashi sai an ɗebo mata hatsi daga rumbun gari, hatsin da masana ke ce wa NADPH.

Gizo ma yana garin, sunansa Aldos Ridaktes. Muddin sukari daidai yake shigowa, barcinsa yake yi. Da jinin Raƙumi ya cika da zaƙi, sukari ya yi ta kwararowa, Gizo ya farka ya ɗora tukunya.

"Ku bar ni da shi, zan mayar da shi sobitol," in ji shi.

Ya yi ta dafawa. Sai dai kowace tukunya da hatsin rumbun nan yake haɗa ta. Sobitol kuwa ba ya iya fita ta ƙofar gari, ya taru a ɗakuna, ya jawo ruwa, ɗakunan suka kumbura.

Tsohuwar Tururuwa ta zo ta durƙusa. "Gizo, don Allah ka rage. 'Ya'yana suna kwance, rumbu ya yi ƙasa."

"Sukari bai daina zuwa ba, yaya zan yi?"

Gaskiyarsa ne, kuma a nan abin tausayin yake. Gara ta samu gari ba mai gadi. Ta bi tubali tana ci, sukarin da ya rage ya manne a jikinsa, tubalan suka karkace suka dunƙule, haske ya rasa hanya. Raƙumi ya fara ganin duniya kamar ranar da hazo ya sauko, har ya yi karo da katangar kasuwa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya.

Kura ta zo da allura. "Kwanta, Alhaji, in ture maka ita baya, yanzu ka gani."

Dila, malamin daji, ya tare ta. "Kul! Turewa ba cirewa ba ce, ido nawa aka rasa ta haka? Baba Raƙumi, binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin makafi 100 masu shekara 40 zuwa sama, 43 yanar ido ce ta makantar da su. Kuma ana warkewa. Tubalin da ya dunƙule ba ya komawa da ɗigon magani ko tozali. Likita zai cire shi ya sa maka na roba. Amma sai an fara sauko da sukarin, a kuma duba bayan idon, don can ma ciwon yana ɓarna."

"Ɗayan idon fa?"

"Tururuwarsa na da sauran rai. Ka bar rake, ka riƙe magani, Gizo ya koma barci."

Da asuba Jaki ya riƙe akala, suka ɗauki hanyar asibitin ido na Katsina.

Ƙurunƙus kan ɓera.