Bazazzage ya sayi filatinum a araha

Malam Bazazzage, bawana na gado, labari ya iso Kano kafin ka gama share ɗakin. An ce ka yi odar wata waya ta intanet, wai zallar filatinum ce, za ka raba ruwa gida biyu ka fitar da iskar haidirojin a zauren gidanku. Ka tsoma ta a ruwan gishiri, ka haɗa batir, kafin la'asar ruwan ya yi ɗorawa, wayar ta zaizaye kamar ƙusa a damina. Haba ɗan birnin ilimi! Jami'a guda a Samaru, amma ba ka leƙa ka tambayi kowa ba?

Filatinum na gaskiya ba ya zaizayewa haka. Ƙarfen cokali aka sayar maka, kuma ruwan nan mai ɗorawa guba ne, kada ka zuba shi inda akuyarka ke sha. Gishirin ma kuskure ne, iskar kulorin yake fitarwa, ita ce ta sa ka tari.

Na ji ka ce ka gwada da maganaɗisu bai kama ba. To, cokulan uwargida ma da yawansu ba ya kamawa, sai ka kai su banki ajiya.

Zo in koya maka abin da Arkimidis ya gano a Sirakusa tun kafin a gina ganuwar Zariya. Nemi ƙaramin sikelin masu sayar da gwal. Auna wayar a bushe. Sannan ka ɗora kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifili, ka ɗaura wayar da zare ka nutsa ta ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, ka duba lambar da sikelin ya nuna. Raba lambar farko da ta biyu. In ka sami kusan 21, filatinum ne. In 8 ne, ƙarfen cokali. In 4 da rabi ne, taitaniyam aka shafa wa filatinum sama-sama kamar hoda. Irin wannan yana aiki, amma ba kuɗinsa ka biya ba.

Ko ka sa bakinta a wutar gas ta yi ja. Na gaskiya sai ya kai digiri 1,768 yake narkewa, in ya huce ya koma fari tas. Taka na san baƙi za ta yi.

Gobe ka hau motar Kano da sauran guntun wayar, mu je wajen maƙeran gwal su duba maka. Kuɗin mota kai za ka biya, har da na goron ubangidanka.