Jinjina Ga Kilasfat, Sarkin Rufin Asiri

Masu rubuta manhaja da harshen Java ba su san alheri ba. Da zarar biyu daga cikinsu sun haɗu, sai ka ji sun kama cin naman kilasfat, bawan Allahn da ya shafe shekara talatin yana yi musu hidima bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Tun da kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java a 1995 suke zaginsa, shi kuwa ko uffan. Ya kamata a samu mai tsaya masa.

Ga wanda bai san shi ba, ga aikinsa. Babu manhajar Java da ke tsayawa da ƙafarta ita kaɗai, dole ta yi aro. Wani ya rubuta abin da ke magana da rumbun bayanai, wani ya rubuta abin da ke karanta XML, kai kuma ka ɗauko ka ɗora naka a kai. Kayan aron nan suna zuwa a ƙunshe cikin fayilolin JAR, kowanne ɗauke da gutsattsarin manhaja da ake kira kilas. Kilasfat shi ne jerin wuraren da za a bi a nemo su. Ɗan aike ne da ka ba kwatance ya bi gida gida, kuma a ladabi babu na biyunsa. Ba ya tambaya, ba ya musu, ba ya dawowa ya ɓata maka rai da cewa bai tarar da kowa ba.

Darajarsa ta ƙara fitowa da zuwan Ant, manhajar harhaɗa aiki da James Duncan Davidson ya rubuta don gina Tomcat, wadda ta fito da kanta a 2000 ƙarƙashin Apache. Kafin nan, mai Windows yana raba jerinsa da waƙafi mai ruwa, mai Linux da ruwa biyu, abin da ya yi aiki a nan ya ƙi a can. Ant ya ce a kawo kowanne, zai karɓa. Da ya ga ya rage wa jama'a wahala ɗaya, sai ya ji tsoron kada zaman banza ya lalata su, ya saka musu da kilasfat har kala kala. Akwai na harhaɗawa, akwai na gwaji, akwai na tayar da manhajar, akwai na ƙarin ayyukan da ake shigowa da su ta taskdef, sannan akwai wanda Ant ɗin kansa ya tashi da shi. Babu mai shiga harkar wani, kowa tasa ta fisshe shi. In ka rubuta jerinka a cikin build.xml, fayil ɗin umarnin Ant, ka ba shi suna, sai ka bi kowane aiki ka ambaci sunan da refid. Wanda ka manta ba zai yi fushi ba. Zai ci gaba da aikinsa hannu rabbana.

Babbar baiwar kilasfat ita ce rufin asiri. A ce kana rubuta sunan fayil ɗin direban rumbun bayanai, yatsa ya zame, harafi ɗaya ya faɗi. Wata manhajar marar kunya da nan take ta tsaya ta tona maka asiri a gaban abokan aiki. Ant ba haka aka tarbiyyantar da shi ba. Zai duba ya ga babu fayil mai wannan suna, ya cire shi daga jerin a hankali, ya wuce. In kana son jin abin da ya yi, sai ka roƙe shi da -verbose, sannan ya raɗa maka a tsakiyar ɗaruruwan layuka. Tunda ba a bukatar direban lokacin harhaɗawa, sai ya rubuto maka BUILD SUCCESSFUL da manyan baƙaƙe, ka tafi gida da farin ciki. Java kuma ba ya ɗauko kilas sai an zo amfani da shi, saboda haka asirin yana nan a rufe har manhajar ta kai ga layin da ke neman direban. In an yi sa'a, ranar da manya suka taru a nuna musu aiki ce. Sannan ClassNotFoundException ya yi sallama, ko ɗan'uwansa NoClassDefFoundError. Wane masoyi ne zai jinkirta maka baƙin ciki har haka?

Sai adalci. A ce foldar lib, inda ake tara fayilolin JAR, tana ɗauke da laburare ɗaya, wato kayan aro, har siga biyu, tsohuwa da wani ya jefa ciki shekara uku da suka wuce, da sabuwa da ka sauko da ita jiya. Kilasfat ba ya duba shekaru, ba ya duba cancanta. Wadda ya fara cin karo da ita, ita ce tasa, ɗayar kuma ko kallo. Wace ce zai fara tararwa? Nan ma bai yarda a yi masa katsalandan ba. Tun Java 6 aka yarda mutum ya sa alamar tauraro a madadin jera sunaye, kuma takardun Java da kansu sun faɗa cewa ba a yi alkawarin wace za ta riga wace ba. Saboda haka manhajar da aka harhaɗa da sabuwar siga tana iya tashi da tsohuwa, ta nemi abin da babu, NoSuchMethodError ya bayyana. Turawa marasa haƙuri sun raɗa wa wannan hali suna jahannamar JAR. Wannan ƙazafi ne. A jahannama ai kowa ya san laifin da ya kai shi.

Ka duba kuma yadda yake ƙarfafa zumunci a ofis. Ƙaramin ma'aikaci ya zo wurin babba ya ce, "Oga, aikin nan ya ƙi haɗuwa a wurina." Oga ya danna nasa, ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya ce, "Ga shi nan, ni a wurina lafiya lau yake. Je ka sake dubawa." Yaro ya koma ya wuni yana zargin kansa. Abin da Oga ya manta shi ne, tun wata shekara ya jefa wani JAR cikin foldar lib ta Ant ɗin kwamfutarsa. Ba laifinsa ba ne, Ant ne ya koya wa mutane. Kafin siga ta 1.7 da ta fito a 2006, ambaton junit.jar a kilasfat ɗin aikin gwaji ba ya wadatarwa, sai ka kai shi inda Ant da kansa zai gan shi. Da haka kwamfutar Oga ta zama kayan tarihi. Ba a goge ta, ba a sauya ta, in ya tafi hutu kamfani ya jira. Wace ƙungiyar ƙwadago ce ta taɓa kare wa ma'aikaci kujerarsa kamar haka?

Gaskiya kuwa, Ant ba ya ɓoye ta. Tun siga ta 1.8 a 2010, duk wanda bai saita includeantruntime ba, zai ga gargaɗi cewa ya mayar da shi false in yana son aikinsa ya riƙa fitowa iri ɗaya a ko'ina. Wato ya san cewa cusa nasa kayan cikin naka kilasfat ɗin ɓarna ce, ya faɗa maka da bakinsa, sannan ya ci gaba da cusawa don kada tsofaffin ayyuka su ji an wulaƙanta su. Ga riƙon amana!

Wanda ya ƙulle manhajarsa cikin JAR ya tayar da ita da -jar, shi ma akwai tasa tsarabar. Duk abin da ya rubuta bayan -cp, Java zai karɓa da hannu biyu ya ajiye gefe, ba tare da ya ce ya ajiye ba. Jerin da yake saurare yana cikin fayil ɗin manifes, inda ake raba sunaye da fili, kuma layi ba ya wuce bayit 72. Mai Windows kuma da jerinsa ya yi tsawo, sai a gaishe shi da CreateProcess error=206, don ya koyi taƙaita magana.

'Yan hassada sun yi ta ƙoƙarin raba shi da kujerarsa. Maven ya zo a 2004 ya ce ka faɗi abin da kake so kawai, shi zai sauko da shi daga intanet, da abin da shi ma yake bukata, da na wancan, har datarka ta ƙare. In siga biyu suka yi karo, Maven yana ɗaukar wadda ta fi kusa da kai a jerin dogaro. Takwaransa Gradle kuma yana ɗaukar wadda ta fi sabunta. Shari'a ɗaya, alƙalai biyu, hukunci biyu, kuma dukansu in sun gama, kilasfat suke miƙa wa sakamakon. A 2017 Java 9 ya kawo tsarin modul, marar kara, wanda in abu ya ɓace yake ƙin tashi tun daga farko ya kuma faɗi sunan abin. Wa zai iya zama da mai irin wannan baki? Jama'a da yawa suka yi zamansu wurin dattijon da suka saba da shi.

Lokacin da duniya ta ga girman kilasfat shi ne Disamba 2021, da aka gano ɓarakar Log4j. Kamfanoni suka tashi tambayar kansu ko suna amfani da laburaren, da yawa ba su da amsa, don yana kwance a JAR cikin JAR, wani ya jawo shi ta hanyar wani. Ɗaya daga cikin magungunan gaggawa da aka bayar shi ne a buɗe fayil ɗin a cire kilas ɗin JndiLookup da hannu. Shekara da shekaru kilasfat yana ɗauke da wannan kaya, bai faɗa wa ko masu gidan ba.

Saboda haka ina kira ga matasa da su kiyaye martabarsa. Kada ka rubuta jeri ɗaya a wuri ɗaya kowane aiki ya ambace shi. Kada ka share tsohuwar siga daga lib, ba ka san ranarta ba. Kada ka sa lambar siga a sunan fayil, wannan rashin yarda ne. Kada ka gwada haɗa aikinka a sabuwar kwamfutar da babu komai a cikinta, kada kuma ka leƙa -verbose, binciken sirrin manya ba tarbiyya ba ce. In wani ya ce maka a yi duk waɗannan don aiki ya riƙa haɗuwa a hannun kowa, ka lura da shi sosai. So yake ya riƙa tashi daga ofis ƙarfe biyar, ya bar ku da ladan kwana.